Kalmar "cultivate" a Turanci: tambayoyi da amsoshi kan ma'anarta da yadda ake aiki da ita

Ɗalibi yakan fara cin karo da *cultivate* a darasin aikin gona. Daga nan sai ya ji shugaban makaranta yana cewa *cultivate the habit of reading* a taron safe, gaba kaɗan kuma ya gan ta a jarida ana maganar ɗan siyasa da manyan 'yan kasuwa. Hausa ba ta da kalma guda da za ta ɗauki duk wannan kaya, shi ya sa ake yawan tuntuɓe da ita wajen rubutu da wajen fassara. Ga tambayoyin da ɗalibai, malamai da masu fassara suka fi yi a kanta.

Mece ce ainihin ma'anar *cultivate*?

Ma'anarta ta farko ta gona ce: a yi wa ƙasa aiki, a kula da shuka har ta ba da amfani. Daga nan aka are ta zuwa duk abin da mutum yake rainonsa da gangan, a sannu a hankali, kamar hali, ƙwarewa, abota ko suna a idon jama'a.

Abu biyu ba sa rabuwa da ita duk inda ta je. Akwai niyya, akwai kuma kulawar da ake maimaitawa tsawon lokaci. In ɗaya ya faɗi, kalmar ba ta zauna ba. Ciyawar da ta tsiro da kanta a bayan gida, Bature zai ce *it grew*, domin babu wanda ya wahala a kanta. Saurayin da ya tsinci kansa cikin shan taba saboda abokai, ana cewa *he picked up the habit*. Wanda kuwa ya ɗaura ɗamarar tashi da asuba kullum ya yi karatu har abin ya zame masa jiki, shi ne ake cewa *he cultivated the habit*. Duk wanda ya riƙe waɗannan sharuɗɗa biyu zai iya warware mafi yawan tambayoyin da ke ƙasa da kansa.

Daga ina kalmar ta fito?

Tushenta aikatau ne na Latin, *colere*, wanda yake nufin nome ƙasa, zama a wuri, kula da abu, har da bauta. Daga shi aka sami *cultus*, sai *cultivare* a Latin ɗin tsakiyar zamani, Turanci kuma ya karɓe ta a tsakiyar ƙarni na 17. 'Yar'uwarta *culture* ta riga ta shiga Turanci tun ƙarni na 15, kuma a lokacin noma take nufi, ma'anar al'ada ta biyo baya ne da daɗewa.

Aron kalmar noma zuwa gyaran tunani ya girmi Turanci. Sisero, masanin nan na Rum, a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya yi amfani da *cultura animi*, wato noman zuciya ko hankali. Hujjarsa ita ce, komai kyawun ƙasar gona ba za ta ba da amfani ba sai an nome ta, haka ma hankali in babu koyarwa.

Daga wannan tushe aka sami *agriculture*, aikin gona baki ɗaya, da *horticulture*, aikin lambu, da *apiculture*, kiwon zuma, da *aquaculture*, kiwon kifi da sauran halittun ruwa. Har *colony* ɗin mulkin mallaka daga nan take, ta hanyar *colonus*, manomin da ya je ya zauna a sabuwar ƙasa.

Yaya ake furta ta daidai?

Gaɓa uku ce, kuma ƙarfin murya yana kan ta farko: KAL-ti-veit. Wuri uku ake samun matsala.

Wasalin farko, ko da yake da *u* ake rubuta shi, furucinsa ya fi kusa da gajeren "a" na Hausa, irin wanda ke cikin *cup* da *bus*. Saboda haka "kal" ne, kada a ce "kul". Sai harafin *v*, wanda babu shi a Hausa, shi ya sa baki yake zamewa zuwa "b" a ce "kaltibet". Maganinsa a ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, a bar iska ta fita tare da murya. In leɓɓa biyu suka haɗu, to "b" aka yi. Na uku, kada a cusa wasali tsakanin *l* da *t* har ta koma "kaliti".

A *cultivation* ƙarfin murya yana komawa gaɓa ta uku: kal-ti-VEI-shan. *Cultivated* kuma gaɓa huɗu ce, domin *-ed* in ta biyo bayan *t* ana furta ta "id".

Waɗanne siffofi take da su, kuma me nahawu ya ce?

Aikatau ne mai bin ƙa'ida: *cultivate, cultivates, cultivated, cultivating*. A lura *e* ta ƙarshe tana faɗuwa kafin *-ing*. Sunan aikin shi ne *cultivation*, kuma galibi ba a yi masa jam'i. Ƙasar da za ta nomu *cultivable* ce, wadda ba a nome ba *uncultivated*. Filin da ake nomawa a halin yanzu ana cewa yana *under cultivation*, kamar a jimlar *Twenty hectares are under cultivation*, wato hekta 20 ake nomawa.

Babban abin kiyayewa shi ne aikatau so-karɓau ne, yana son a faɗi abin da aka yi wa aikin. A Hausa mutum zai ce "Babana yana noma" magana ta cika. In aka ɗauko wannan kai tsaye aka ce *My father is cultivating*, Bature zai tsaya yana jiran ƙarashe. Ko dai a ce *My father cultivates millet*, ko a ce *My father is a farmer*. Ba ta kuma son *on* ko *in* tsakaninta da karɓau: *cultivate the land* ake cewa, *cultivate on the land* kuskure ne.

A harkar gona, me ya bambanta ta da *grow*, *plant*, *sow*, *till* da *plough*?

*Sow* shuka iri ne, zuba ƙwaya a rami ko yafa ta. *Plant* ta haɗa shuka da dashe, don haka ita ake yi wa rogo, rake, tumatir ɗin dashe da itatuwa. *Plough* kifar da ƙasa ne da garmar shanu ko ta tarakta, zurfin da ya kai kamar santimita 15 zuwa 25. *Till* kalma ce ta gaba ɗaya ga duk wani motsa ƙasa. *Grow* ita ce ta yau da kullum, wadda manomin Ingila ko Amurka zai yi amfani da ita in yana hira: *I grow maize*. *Cultivate* tana iya rufe aikin duka tun daga sharar gona har amfani ya nuna, sai dai ta fi zama a littafi, rahoto da takardun hukuma. Shi ya sa a labaran hukumar NDLEA ake ganin *cultivation of cannabis* in an kama masu noman wiwi, domin harshen doka ne.

Akwai kuma wata ma'ana ƙunƙuntacciya da masana aikin gona suke nufi, wadda ɗalibai da yawa ba su sani ba. A wurinsu *cultivation* shi ne sassauta saman ƙasa tsakanin layukan shuka bayan ta tsiro, don a kashe ciyawa, a fasa ɓawon da ruwan sama ya daskarar, iska da ruwa su sami hanyar shiga. A nan ta yi daidai da yadda Bahaushe yake amfani da "noma" in ya ce ya gama shuka, saura noma. Noman firi, wanda ake yi wa masara kamar mako biyu zuwa uku bayan shuka, da maimai da ke biyo baya wajen mako na biyar ko na shida, duk *cultivation* ne a wannan ma'ana. Aiki ne na sama-sama, santimita 5 zuwa 8. In fartanya ko inji ya nitse fiye da haka sai ya datse saiwar shuka, ya tono 'ya'yan ciyawar da ke kwance a ƙasa su tsiro, danshin ƙasa kuma ya tafi. Idan tambayar jarrabawa ta ambaci *inter-row cultivation*, wannan take nufi.

*Shifting cultivation* da ke cikin littattafan sakandare shi ne a sassabe daji, a noma shi 'yan shekaru, in ƙasa ta gaji a tashi a koma wani wuri, a bar na farko ya zama saura har ya farfaɗo.

*Cultivator* mutum ne ko inji?

Duka biyun suna cikin ƙamus, amma a Turancin yau in aka faɗe ta inji ake fara kawowa a rai: ƙarfe mai haƙora da tarakta ko shanu suke ja don sassauta ƙasa, ko ƙaramin injin da ake turawa da hannu a lambu. Manomi *farmer* ne. A Indiya da tsofaffin takardun zamanin Turawa akan ga *cultivator* da ma'anar manomi.

Masu karatun Faransanci a Nijar, Kamaru da Cadi su yi hattara a nan. A Faransanci *cultivateur* manomi ne sak, ita ake rubutawa a gurbin sana'a. Haka *culture* a Faransanci tana nufin amfanin gona, kamar a *cultures vivrières*, abincin da ake nomawa don ci, da *cultures de contre-saison*, noman rani. In za a mayar da su Turanci, *food crops* da *dry-season farming* ake cewa. Wanda ya rubuta *food cultures* ya koma maganar al'adun cin abinci ba tare da ya sani ba.

Zan iya cewa na *cultivate* shanu, ko yara?

A'a. Dabbobi ana *rear*, *raise*, *keep* ko *breed* ɗinsu. Kifin kududdufi ana *farm* ɗinsa ko *raise*. 'Yan halittun da suke zaune wuri ɗaya ba sa yawo, irin su kawa ta teku da naman kaza, su ne ake yi wa *cultivate*.

Yaro kuwa ana *raise* ko *bring up* ɗinsa. Abin da ke halatta shi ne a raini wani hali a cikin yaron: *cultivate honesty in children*, wato a dasa musu gaskiya a yi ta bibiya. Karɓau a nan shi ne halin, yaron kuma yana zuwa bayan *in*.

Wanne ne daidai, *cultivate the habit of reading* ko *cultivate the habit to read*?

Na farko. Bayan *habit* ana sa *of*, aikatau ɗin da ya biyo kuma ya ɗauki *-ing*: *the habit of saving*, *the habit of arriving early*. *Habit to read* kuskure ne da masu duba takardun WAEC da NECO suke ja wa layi.

Sauran abubuwan da take tafiya da su lafiya sun haɗa da *patience*, *discipline*, *an interest in*, *a taste for*, *a skill*, *a talent*, *trust*, *goodwill*. A kula da ƙananan kalmomin da ke biye: *an interest in science*, *a taste for poetry*. Musanya su yana ɓata jimla.

Ga mugun hali kuwa, sai in da gangan aka yi. Malamai da yawa sukan rubuta a katin sakamako *He has cultivated the habit of coming late*. Bature in ya karanta zai fahimci yaron zama ya yi ya tsara makara ya yi ta aiki a kanta. Abin da malamin yake nufi shi ne *He has fallen into the habit of coming late*, ko *developed*.

Ina bambancinta da *inculcate* da *imbibe*? Kullum tare muke jin su a jawabai.

A Turancin Nijeriya an mayar da su kamar 'yan uku, alhali kowacce da alƙiblarta. *Inculcate* daga wani take zuwa wani: malami ko uba yana cusa abu a zuciyar yaro ta hanyar nanatawa, kuma gininta shi ne *inculcate discipline in pupils*. Ba a cewa ɗalibi ya *inculcate* hali shi da kansa, don haka *Students should inculcate good habits* ba daidai ba ne in ana nufin su ɗabi'antu da shi. *Imbibe* asalinta sha ne, aronta kuma shi ne mutum ya tsotsi ra'ayi ko ɗabi'a daga muhallinsa, sau da yawa ba tare da ya lura ba. A Ingila in aka faɗe ta ita kaɗai babu karɓau, shan giya ake fahimta, saboda haka a yi kaffa-kaffa da ita. *Cultivate* ita ce ke aiki ta fuska biyu, mutum ya raini hali a kansa, ko ya raine shi a cikin wani.

In aka ce wani yana *cultivate* wani mutum, yabo ne ko suka?

Wannan ita ce gaɓar da ta fi kunyata masu rubutu, kuma ta cancanci a tsaya a kanta.

In karɓau ɗin dangantaka ce, babu laifi. *Cultivate a friendship*, *cultivate good relations with neighbours*, *cultivate ties between the two countries*, duk magana ce mai kyau, ta riƙe zumunci da kyautata hulɗa.

In kuwa karɓau ɗin mutum ne kai tsaye, launi ya sauya. *He cultivated the commissioner* na nufin ya yi ta kusantar kwamishina, gaisuwa yau, tsaraba gobe, halartar ɗaurin auren 'ya'yansa jibi, saboda akwai abin da yake hange, wataƙila kwangila ko muƙami. Kalmar ba ta kai zagi ba, amma tana nuna akwai lissafi a cikin kusancin. Ɗan jarida yana *cultivate sources*, wato yana lallaɓar waɗanda za su riƙa tsegunta masa labari. Jami'in leƙen asiri ma haka yake yi wa wanda yake so ya janyo. Ƙungiyoyin agaji suna maganar *cultivating donors*, su a wurinsu kalmar aiki ce, babu kunya a ciki.

Saboda haka wanda yake rubuta wa tsohon malaminsa ko maigidansa wasiƙa kada ya kuskura ya ce *I have always tried to cultivate you*. Ya faɗa masa ke nan a fuska cewa don wata manufa yake bin sa. Abin da ya dace shi ne *I value our relationship*.

Haka abin yake da *cultivate an image* da *cultivate an air of*. In jarida ta rubuta *He cultivates an image of a man of the people*, tana nuna cewa siffar mutumin talakawa gina ta ya yi da dabara, ta bar wa mai karatu ya yi shakkar ko haka yake a zuci. Mai fassara da ya mayar da wannan "shi mutum ne na talakawa" ya juya labarin. "Yana ƙoƙarin nuna kansa a matsayin na talakawa" ita ce ta riƙe abin da aka ce.

Wane ne *a cultivated person*? Daidai yake da *educated*?

*Educated* wanda ya yi makaranta ne. *Cultivated* wanda ya yi faɗin karatu a adabi, tarihi da fasaha, har abin ya bayyana a maganarsa, zaɓinsa da yadda yake zama da mutane. Mutum zai iya riƙe digiri uku a ce masa *educated* ba a ce masa *cultivated* ba. Dattijon malamin zaure da ya sha nahawu, luga da waƙoƙin Larabci, ya san tarihin ƙasarsa, ya iya zance da natsuwa, ya cancanci kalmar ko bai taɓa zama a ajin boko ba. Waɗanda suka yi karatun Larabci za su gane ta da "musaƙƙafi" ko "adibi".

*Cultured* kusan ɗaya take da ita in ana maganar mutum. *Well-mannered* ladabi kawai take nufi, ko da babu karatu. *Refined* ta fi karkata ga laushin hali da tsabtar zaɓi. *Civilised* kuwa a yi hankali da ita wajen siffanta al'umma, domin tana ɗauke da warin zamanin mulkin mallaka, lokacin da aka raba mutane zuwa wayayyu da marasa wayewa.

Kada a haɗa *cultured* da *cultural*. Rawar gargajiya *cultural dance* ce, ranar al'adu a makaranta *cultural day*.

To *nurture*, *foster* da *refine* fa?

*Nurture* daga kalmar Latin ta shayarwa take, kuma har yau akwai tausayi da kariya a cikinta. Ana yi wa abu mai rauni: jariri, ƙaramar baiwa, sabuwar sana'a. Ita ce ta fi kusa da "reno". Ita ce kuma ke cikin muhawarar nan ta *nature versus nurture*, halitta ko tarbiyya, wadda masani ɗan Ingila Francis Galton ya yayata a 1874. *Foster* samar da yanayin da abu zai bunƙasa ne, shi ya sa hukumomi suke son ta: *foster unity*, *foster peace*. Ita ce ta riƙon ɗan wani, *foster child* ɗan riƙo ne. *Refine* aikinta cire datti daga abin da yake akwai, kamar yadda matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, aka gina ta don tace ɗanyen mai. Ana *refine* sukari, zinariya, salon rubutu ko tsari.

Wajen zaɓi, a duba abin da ake son nunawa. In tausayi ne, *nurture*. In share fage ne, *foster*. In tacewa ce, *refine*. In aiki ne na niyya da naci, *cultivate*.

Likita ya rubuta *urine culture*. Me ya haɗa fitsari da al'ada?

Babu abin da ya haɗa su, tsohuwar ma'anar noma ce ta dawo. A ɗakin gwaji ana shafa samfurin fitsari, jini ko majina a kan wani abinci na musamman cikin faranti, a ajiye shi a ɗumin da ya kai na jikin mutum, digiri 35 zuwa 37, don ƙwayoyin cutar da ke ciki su hayayyafa a gane irinsu. Na fitsari yakan ɗauki awa 24 zuwa 48. Na jini ana iya sa masa ido har kwana biyar. Na tarin fuka yana iya kaiwa mako shida zuwa takwas, domin ƙwayarsa ba ta da saurin girma. In an ga M/C/S a takarda, ana nufin dubawa da madubin likita, sai rainon ƙwayar, sai gwada wane magani ne yake kashe ta.

Abin da ya fi ɓata wannan gwaji shi ne shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ba da samfuri, sai a yi rainon samfurin a ga babu abin da ya tsiro alhali cutar tana nan. Sai amfani da kwalbar da ba ta asibiti ba, da barin fitsari ya wuce awa biyu a zafi kafin ya isa ɗakin gwaji, wanda ke sa ƙwayoyin da ba su da hannu a ciwon su yi yawa su rufe na gaskiya. Ana son fitsarin tsakiya, a zubar da na farko.

A wannan fage aikatau ɗin da aka fi amfani da shi *culture* ne, *to culture bacteria*, ko da yake *cultivate* ma tana shiga. *Cultured milk* shi ne madarar da aka sa wa ƙwayoyi masu amfani ta yi tsami, dangin kindirmo da yogot. *Cultivated meat* kuma nama ne da ake rainonsa daga ƙwayoyin halittar dabba ba tare da yanka ba. Singafo ce ta fara ba da izinin sayar da shi a 2020.

Mene ne *cultivar*?

Irin shuka ne da mutane suka zaɓa ko suka inganta, suka ba shi suna, kuma yana riƙe siffofinsa in an sake shuka shi ta hanyar da ta dace. Masanin tsirrai na Amurka, Liberty Hyde Bailey, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1923. Shinkafar FARO 44 *cultivar* ce. Haka irin masara masu sunan SAMMAZ, na gyaɗa masu sunan SAMNUT da na wake masu sunan SAMPEA, waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, take fitarwa. A magana ta yau da kullum *variety* ta wadatar.

Tana da alaƙa da *cult* da *occult*?

Da *cult* akwai, domin *colere* ta haɗa da bauta, kuma ma'anar *cult* ta farko tsarin ibada ce. A Nijeriya ta koma nufin ƙungiyar asiri, har aka sami *cultist* da *cultism*. *Occult* kama ce kawai ta haruffa, tushenta wata kalma ce daban mai nufin ɓoyewa. *Difficult* da *faculty* ma ba danginta ba ne.

A sashen koyon aikin jarida ana koyar da *cultivation theory*. Me take cewa?

George Gerbner na Jami'ar Pennsylvania ne ya gina ta daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970. Abin da ya ce shi ne, talabijin ba ya sauya tunanin mutum da shiri ɗaya, amma wanda ya shafe shekaru yana kallo awa huɗu ko fiye a rana, a hankali yakan ɗauka duniya haka take kamar yadda akwatin yake nuna ta. Masu yawan kallon tashin hankali sukan zaci laifi ya fi yadda yake yawa, su rage yarda da mutane. Ya zaɓi kalmar ne saboda tasirin a sannu yake taruwa. Ɗalibin da ya rubuta a jarrabawa cewa ra'in yana maganar tasirin nan take ya ba da amsar wani ra'in daban.

Yaushe ya fi kyau in bar ta in ɗauki wata?

A hira da saƙon waya tana da nauyi. *I grow tomatoes behind my house* ta fi *I cultivate tomatoes* daɗin ji, *make friends* kuma ta fi *cultivate friendships* in yaro ne yake ba da labarin sabuwar makaranta. A insha'i, rahoto da takardar neman aiki tana da gurbi, da sharaɗin a faɗi abin da aka yi a zahiri. *I cultivated relationships with twelve rice suppliers over two seasons* tana da nama, domin ta nuna da wa, kuma tsawon wane lokaci. *We must cultivate a culture of excellence* kuwa an ji ta har an gaji, ga shi kuma ta tara kalmomi biyu masu tushe ɗaya a jere. Sau ɗaya ko biyu a insha'i guda ya isa.

Yaya zan fassara ta zuwa Hausa?

A fara duba karɓau, shi zai nuna kalmar da za a ɗauka. In ƙasa ce ko amfanin gona, "noma": *They cultivate onions along the river* ta zama "Suna noman albasa a bakin kogi". In aikin tsakanin layuka ne, "noman firi", "maimai" ko "sassauta ƙasa". In hali ne mutum yake yi wa kansa, "saba wa kai", "horar da kai" ko "ɗabi'antu da": *Cultivate patience* ta zama "Ka saba wa kanka haƙuri". In a cikin wani ake rainon halin, "dasa", "cusa" ko "tarbiyyantar da". In abota ce ko hulɗa, "ƙulla", "riƙe" ko "yauƙaƙa", gwargwadon ko sabuwa ce ko tsohuwa. In mutum ne ake bi don wata bukata, "lallaɓa", "kusanta" ko "jawo a jiki", in kuma marubucin suka yake yi ƙarara, "fadanci" ma tana iya shiga.

*A cultivated woman* ta fi wuya. "Wayayya" takan ja hankali zuwa zaman birni da ado, "mai ilimi" ta tsaya ga karatu, "mai tarbiyya" ta tsaya ga ladabi. Gara a buɗe ta a ce "mace mai zurfin karatu da sanin ya kamata". Kuskuren da aka fi gani a fassarar gaggawa, musamman ta na'ura, shi ne a bi "noma" ko'ina, sai a wayi gari da "noman abota" da "noma ɗabi'ar karatu" a shafin jarida. A irin wannan wuri "ƙulla abota" da "saba wa kai karatu" ake nufi.